Baƙar Fuskar Leda

Farin asfaragas tsiro ne da ba ya son ganin rana. A cikin kunyar gona yake girma, a rufe da leda, kuma da zarar haske ya taɓa kansa sai ya yi ja, darajarsa ta faɗi. Ledar fuska biyu gare ta: baƙa don ƙasa ta ɗumama, fara don ta huce. Na sha tsayawa ina tunanin ko tsiron ya san akwai sama, har sai Sandu, helmanmu, ya daka mini tsawa.

A gonar nan ta Jamus, mu da muka zo daga Romaniya rabin lada ake ba mu, sauran sai ƙarshen yanka. Wanda ya kwanta ciwo kafin nan, motar komawa gida ce rabonsa, sauran kuwa ya zama na mai gona.

Toader da matarsa Ilinca kunyarsu na kusa da tawa. Kuɗin rufin gidansu suka zo nema. Yanka ya kusa ƙarewa, wata rana da hantsi jiri ya kwashe Toader, ya zube a kwarin kunya.

"Tashi, raggo," in ji Ilinca. "Nan ka ga gado?"

"Ƙasar ce ke juyawa, Ilinca."

Sai ga motar Sandu tafe. Ilinca ta ce mini, "Baba Pavel, kama mini." Muka jawo ledar kunyar da ke gefe muka lulluɓe shi. An tashi da sanyi ranar, don haka baƙar fuskar ce a sama. Hannu kuma ya saba: muka danne gefunan sosai, yadda ko haske ba zai shiga ba.

Sandu ya sauko. "Ina angon naki?"

"Ya zaga."

"Miyar kabejinki ce ta kama shi? Bari in jira in yi masa sannu."

Ya kifa akwati ya zauna, ya fito da burodi da kitsen alade, ya shiga labarin motar da zai saya. Rana ta buɗe. Ilinca na yanka, tana yi masa dariya duk inda ya dace. Ni kuwa ledar nake kallo, tana hawa tana sauka kamar maƙogwaron kwaɗo. Na tuna ina yaro, yadda nake sa kwaɗo a hulata in ji yana numfashi a kaina. Ko da na dawo daga tunanin, ledar ta kusa daina motsi.

Sandu ya share wuƙarsa a wando, sai idonsa ya kai kan kunyar da muka tsiraita. Kawuna sun leƙo, duk sun yi ja.

"Wane ɗan iska ya buɗe mini kunya?"

Da kansa ya fizgi ledar. Toader na kwance a ƙarƙashinta sharkaf da gumi, bakinsa ya karkace, hannunsa ɗaya bai ƙara ɗaguwa ba.

Sandu ya taɓa shi da bakin takalmi. "Wannan ai ya dahu. Ke, haɗa kayanku."

"Ranka ya daɗe, ni lafiyata ƙalau. Zan yanka tawa, in yanka tasa."

"Wa zai riƙa share masa yawu? Ni?"

Asarar jar kunyar a ladana aka cire. Washegari aka sa su a mota. Matar mai gona, mace mai tausayi, ta ba su akwati guda na jan asfaragas, guzuri.