Gangar Baba Saura-Kaɗan

"Sa hannu ka ji, ya bushe?" in ji Baba daga kan kujerarsa.

Na tura hannu cikin buhun yashin. Sama-sama a bushe yake, amma can ciki sanyi ya kama mini yatsu. Na zaro hannun na goge a wando, na ce masa ya bushe ƙayau.

Baba maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara arba'in yana walda, kuma duk layinmu ba mai kiransa sai da Saura-Kaɗan, don amsarsa ke nan ga duk wanda ya zo karɓar aiki. Tsakar gidansa cike take da shaida: gado mai ƙafa uku, baro ba taya, ƙyauren da tsatsa ta cinye yana jiran sakata. Yanzu ciwon huhu ya gama da shi, asibiti sun ce ya koma gida ya huta, kowa kuma ya gane hutun da ake nufi. Burinsa ɗaya, ya gama wani abu a idon jama'a kafin a ɗauke shi.

Abin da ya zaɓa gangar gasa nama da hayaƙi ce. Ƙaramar ganga a cikin babba, tazarar yatsa huɗu tsakaninsu, a cika tazarar da yashi don ya riƙe zafi, sannan a liƙe bakin da walda kada ruwan sama ya shiga. Hannunsa rawa yake yi, sai ya ari nawa. Ni kuwa tun da na bar makaranta ban taɓa yin wata biyu a wuri ɗaya ba, shi ya sa yake ce mini Sarkin Yawo. Ya faɗa mini sau ba adadi cewa yashin sai ya yi kwana uku a baje kan kwano cikin rana, ana juya shi da shebur. Wuni ɗaya na baje shi a bayan gidanmu, na gaji, na kwashe na tafi kallon ƙwallo.

Na zuba yashin, na danna shi da sanda, na liƙe. Baba yana ta nuna mini inda zan ƙara ɗigo. Da na gama ya sa na tura masa kujera kusa, ya shafa ɗinkin waldar da tafin hannu kamar yana shafa kan jariri.

Ranar kunnawa ya aiki Inna, matarsa, ta sayo cinyar rago. Ta sayo tana mita, wai da a tukunya aka sa da ko romo an sha. Ya sa aka buɗe ƙofar gida aka kira duk maƙwabta. Babban ɗansa, wanda ke tuƙa motar haya, ya zo ya jingina da bango ya saita waya yana ɗaukar bidiyo. Telan layinmu ya shigo da abin awo a wuya, ya dubi gangar, ya dubi Baba.

"To, yau dai za a ga ƙarshen wani abu a gidan nan. Ko gangar, ko mai gangar."

Aka yi dariya, har da Baba, tari ya katse tasa.

Awa ɗaya komai lafiya. Hayaƙi siriri yana fita ta bututun, ƙamshi ya kai har titi. Baba yana ta cewa mutane su taɓa jikin gangar su ji, wuta a ciki amma waje ɗumi kawai. Sai wani tsaki ya fara fitowa daga ɗinkin, irin na butar shayi. Baba ya ɗaga kai. Bai dubi gangar ba, ni ya duba.

Ɗinkin ya tsage da ƙara, murfin ya yi tsalle ya daki bango, tururi da yashi suka turnuƙe tsakar gidan. Da ya lafa, ga cinyar can a bakin magudanar ruwa, ta sha yashi. Ba wanda ya ji ciwo, don haka ba abin da ya hana dariya. Tela har da riƙe ciki. Ɗan bai sauke wayar ba, ya matso da ita daidai fuskar ubansa.

"Baba, shekara arba'in, ɗinki ɗaya ya gagare ka?"

Wani ya tambaya wa ya riƙe waldar. Na ce ni abin da aka ce in yi kawai na yi. Baba ya ce haka ne, shi ne bai auna daidai ba. Inna ta tsinci naman ta jefa wa karen maƙwabta, ta ce dama ta faɗa.

Da aka watse Baba ya yafito ni. Muryarsa ta dushe, sai da na sunkuya.

"Sarkin Yawo, da ka ce mini bai bushe ba, da na jira. Kwana uku ai ina da su."

Kwana huɗu ya ƙara. Ban sake leƙa shi ba, tarinsa kawai nake ji ta kan katanga, har safiyar da ban ji ba. A wurin zaman makoki Tela ya sake ba da labarin ƙasa-ƙasa, baƙi suna rufe baki da hannun riga, waya tana zagayawa daga hannu zuwa hannu. Da ta iso kaina na kalla, na miƙa wa na kusa da ni.

Washegari ɗan ya kira mai sayen tsoffin ƙarafa ya share tsakar gidan. Mutumin ya ce shi ba ya ɗaukar ƙasa, ya fasa gindin gangar da gatari ya zazzage yashin a ƙofar gida. Da yamma na fito na tarar da jikokin Baba zaune a kan tarin. Kowa ya cusa ƙafa ciki yana daddanna yashi a kai, sai ya zare ta a hankali, ɗan ɗakin da ya gina da yashin mai danshi ya tsaya cak bai rushe ba.