Sabis Har Gadon Papa Chiamaka

"Ɗaga sama, Edith! Ƙara ɗagawa! Wace kala yake nunawa yanzu?"

Ina tsaye a kan kujerar keken ɗinkina, na ɗaga farin akwatin sama da kaina da hannu biyu, wayar wutarsa tana lilo a gefen kunnena. Muryar Papa Chiamaka ce ke fitowa ta tagar ɗakinsa, can ƙarshen gida.

"Ja ne, Papa."

"Ja wane iri? Mai ƙyaftawa ko tsayayye?"

"Ja dai irin na tattasai."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai na ji matarsa ta hau shi da faɗa da harshen Ibo.

Gidanmu yana Kakuri, bayan tsohuwar masaƙa. Dogon gida ne kamar taragon jirgi: shagon kayan masarufi na Mama Chiamaka a bakin titi, ɗakunan haya huɗu a jere, na biyu shi ne namu ni da mijina Shekari, sannan sashen masu gida a ƙarshe. Ainihin sunan mai gidan Chukwuemeka, amma tun da na tare ban ji wanda ya kira shi haka ba sai mai kawo takardar wuta. Shekara ashirin da bakwai yana gyaran wutar injuna a masaƙa har aka rufe ta. Hausarsa ta fi tawa, ni da na taso a Kagoro, kuma ba ya gajiya da tuna mini.

A watan Yuli asibiti suka sallamo shi da ledar magunguna da wata magana da likita ya faɗa wa Mama a waje. Zuciyarsa ta gaji, ƙafafunsa sun kumbura. 'Yarsu ɗaya ce, Chiamaka, nas ce a Ingila, kuma cikinta ya shiga wata tara, ba za a bar ta ta hau jirgi ba. A duk gidan, a shago kaɗai ake samun sabis na kirki, nan aka ajiye rauta, na'urar intanet mai ɗauke da sim, a jikin taga. Daga gadon Papa zuwa shagon bai fi taku arba'in ba, amma takun sun fi ƙarfinsa. Sau biyu Shekari da wani mai keke suna ɗaukar sa a kujerar roba don ya ga fuskar 'yarsa a waya. A na biyun numfashinsa ya kusa ɗaukewa, da ya dawo daidai ya ce shi ba buhun shinkafa ba ne, kada a sake.

Shi ne Chiamaka ta aiko da akwatuna uku farare, kowanne bai wuce gwangwanin madara ba, wai sunansu mesh. Papa ya kwana biyu yana karanta takardar da gilashinsa, ya zana taswirar gidan a bayan kalandar coci, sannan ya aika aka kira ni.

"Abin ba wuya," ya ce. "Kin ga masu zuba dakin a ginin bene, yadda kwanon kankare ke tafiya daga hannu zuwa hannu har sama? To haka ne. Na farko ya karɓa daga rauta, ya miƙa wa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku, na uku ya miƙo mini."

"Papa, ni tela ce fa. Ban san wuta ba."

"Ni na san wuta, ƙafa ce ba ni da ita. Ke kuma na sha ganin ki kina warware ɗinki awa guda ba ki yi tsaki ba. Ya isa."

Na farkon bai ba mu wahala ba. Na jona shi da rauta, na sauke manhajarsa a wayata, na haska kyamara a kan ɗan zanen da ke ƙarƙashinsa, fitilarsa ta yi ta ƙyafta shuɗi sannan ta tsaya a fari. Daɗi ya ɗebe ni, na kwashi na biyun kai tsaye na kai ɗakin Papa na jona kusa da gadonsa. Ja.

"Me ya kawo shi nan?" ya tambaye ni.

"Ai nan ne babu sabis."

"To idan babu, me zai karɓa balle ya miƙa? Mayar da shi tsakiya, inda yake jin muryar ɗan'uwansa."

Abin da ya hau da ni kujera a baranda ke nan. Na gwada ƙofar ɗaki na uku, ja. Na gwada kusa da tankin ruwa, ja. Papa ya sa aka miƙo masa kalandarsa, ya ja layi da biro daga shago zuwa inda nake, sai ga firizar Mama da tankin ƙarfe duk a kan layin.

"Ƙarfe da ruwa, abokan gabarsa ke nan. Koma jikin ginshiƙin ƙofarki."

Na koma, amma zuwa lokacin akwatin ya ruɗe, ya ƙi ja ya ƙi fari, sai ƙyaftawa kawai. Papa ya ce akwai ɗan rami a bayansa, a danna a riƙe har a ƙirga goma, zai manta komai ya fara daga farko. Tsinken sakace ya karye a ciki. Na zaro allura daga gaban rigata na tura. Da na sake haɗa shi, fitilar ta tsaya a fari tas.

"Fari, Papa! Fari!"

"Chineke! Daga yau sunanki Injiniya."

Shekari ya buga ɗan katako a jikin ginshiƙin muka ɗora shi, aka ja masa wuta daga solar da Papa ya haɗa da hannunsa tun yana da lafiya. Na ukun ya hau saman wadrob ɗin Papa, shi ma fari. Duk da haka wayarsa ta ci gaba da nuna sandar sabis ɗaya. Can Papa ya karɓi wayar ya leƙa, ya ce ashe har yanzu tana maƙale da tsohon sunan rautar shago, tana jawo shi daga nesa, ga sabo a saman kanta ta ƙi kulawa.

"Halin tsofaffi gare ta," ya ce. "Sa ta manta da shi."

Na goge tsohon, na haɗa ta da sabon. Sanduna suka cika. Ya gyara wuyan rigarsa, ya shafa furfurarsa, sannan ya danna kira. Fuskar Chiamaka ta fito, ta yi ɓul-ɓul, tana cin tuffa.

"Daddy! A ina kake haka?"

"A kan gadona, kamar gwamna."

Ta fashe da kuka, shi kuma yana ta dariya yana juya wayar don ta ga labule da fanka da ni da na tsaya a bakin ƙofa da gumi har gira.

Kwana huɗu gidan ya zama kamar ana biki. Kullum da la'asar suna hira, don a damina agogonmu ɗaya da nasu. Yana koya wa mijinta George yadda ake gyara soket, tana duba kumburin ƙafarsa ta kyamara tana ba Mama umarni. Har abinci ya ƙara ci.

Rana ta biyar aka yi ruwa, kiran ya yanke ana tsakiyar magana. Da ruwan ya tsaya na fito na duba, duk akwatunan fari, komai ya dawo. Bayan kwana biyu aka sake. Kowa a gidan ya ce ai haka netwok yake, ruwa na kwashe shi. Papa ya ƙi yarda.

"Lokacin da nawa ya yanke, Shekari yana shago yana kallon ƙwallo a waya, nasa bai yanke ba. To daga waje lafiya yake shigowa. A cikin gidan nan yake ɓacewa. Ruwa ba ya sauka a ɗakina."

"Papa, na duba fa, duk fari ne."

"Yaushe kika duba?"

"Da aka ɗauke ruwa."

Ya dube ni ta saman gilashi.

Ranar Alhamis da azahar George ya kira, ya ce naƙuda ta fara, suna hanyar asibiti. A makon numfashin Papa ya ƙara gajarta, sai an jera masa filo uku yake iya kwanciya. Ya riƙe wayar a ƙirji yana kallon taga, gabas ta yi baƙi ƙirin. Wajen ƙarfe uku ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Fitilar saman wadrob ta koma ja.

Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Amma muryarsa ba ta canza ba.

"Injiniya, ɗauki lema. Fara daga shago ki biyo layi. Abin da idonki ya gani za ki faɗa mini, ba abin da kike tsammani ba. Yanzu, ba sai an ɗauke ba."

Na ruga shago, zanina ya jiƙe sharkaf. Na farko fari. Na dawo baranda, na ɗaga kai wajen ginshiƙi, ban ga akwati ba. Abin da na gani a kan katakon ita ce babbar tukunyar alminiyon da Mama ke dafa shinkafar Kirsimeti, an kife ta, ruwa yana ɗiga a bayanta daga hudar kwanon rufi, tal, tal, tal.

Na ɗaga tukunyar. Ga akwatin a ƙarƙashi, a bushe, yana ja. Kafin in ƙirga ashirin ya koma fari.

Na shiga ɗakin da tukunyar a hannu. Mama tana zaune a gefen gado tana shafa wa Papa man zafi a ƙafa. Ta kalle ni, ta kalli tukunyar.

"Wa ya ce ki cire? Ba ki ga kwanon yana yoyo a wurin ba? Kayan da yarinyata ta aiko tun daga Ingila, in bari ruwa ya lalata?"

"Ngozika," Papa ya kira sunanta a hankali. "Ke ce?"

"Duk sanda hadari ya taso ina rufewa, in an ɗauke in buɗe. Da ban yi ba da tuni ya ƙone. Ko na gode ba wanda ya ce mini."

Sai dariya ta kama Papa, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗunsa kawai ke rawa, hawaye na bin kumatunsa. Sai da muka tallafe shi muka ba shi ruwa.

"Shekara arba'in da ɗaya ina auren ki," ya ce da ya samu numfashi. "Injin masaƙa bai taɓa ɓoye mini laifinsa kwana biyu ba. Ke kin yi mako. Na gode, Ngozi. Amma ki sa roba. Roba ba ta tare shi."

Ta yi ƙwafa ta tashi, ta je da kanta ta kife masa robar wanke-wanke shuɗiya.

Washegari Juma'a da safe, ina shara, na ji ihun Mama. Na yar da tsintsiya na ruga. Papa yana zaune a jingine, ya kawo wayar dab da hancinsa. A ciki ga wata 'yar jaririya ja-jawur a ƙirjin Chiamaka, ta dunƙule hannu tana hamma.

"Juya ta gefe," ya ce. George ya matso da kyamara. Papa ya daɗe yana kallo. "Kunnuwana ne. Ku ba ta haƙuri, ba da gangan na yi ba."

"Daddy, suna fa? Kai muke jira."

"Somtochukwu," ya ce. Ya juyo wajena, don ya san ba na jin yaren. "Wato ku taya ni yabon Allah."

Kwana biyar ya yi yana kallon ta. Ya ga wankanta na farko a gida, ya ga ta yi wa George fitsari a riga, ya yi ta ba mutane labari. 'Yan cocinsu da suka zo gaishe shi babu wanda ya fita bai ga kunnuwan ba. Ranar Talata ya kira ni ya sa na rubuta matakan duka a takarda, daga allura har goge tsohon suna, ya ce in manna a bayan ƙofata saboda Mama.

Laraba da safe na kai masa koko da ƙosai daga bakin titi. Ya sha cokali uku, ya ce mai kokon ta fara rowar citta. Ya ce a buɗe taga. Na buɗe, na koma kan kekena. Ban gama haɗa hannun riga ɗaya ba Mama ta zo ta tsaya a ƙofata. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Edith, zo ki taya ni gyara masa kwanciya."

Kafin azahar gidan ya cika. Mutanen coci, tsofaffin ma'aikatan masaƙa, 'yan kasuwa, har wani Alhaji Ishaku da suka yi aiki tare ya zo daga Tudun Wada da sandarsa, ya zauna a baranda yana share ido da gefen babbar riga. Bayan motar asibiti ta tafi da gawarsa, na nemi Mama a cikin mutane ban gan ta ba.

A ɗaki na same ta, ita kaɗai, a gefen gadon da aka yaye wa zani. Ta jingina wayar da kwalbar man zafi a kan tebur. A ciki Chiamaka tana zaune a ƙasa, ta jingina da bango, tana shayar da jaririya. Mama ta ɗora hannuwa a cinya tana kallo, ana jin ƙaramin sautin haɗiyar yarinyar sarai kamar a ɗakin take.

Na ajiye kofin shayin da na kawo mata a gefen wayar, na ja ƙofar a hankali.