Biskit a Aljihun Keken Ɗinki

Shekara arba'in Tela yana taka keke, ba a taɓa ganin hankalinsa ya tashi ba sai ranar da likitar dabbobi ta ce kyanwarsa Shagwaɓa tana da ciwon sukari. Dama an ga alama. Ruwa take sha kamar an aiko ta, ga yawan fitsari, ta rame har ƙashin bayanta ya fito.

"Baba, ka saurara da kyau," in ji likitar. "Dafaffen nama ko kifi, ko abincin kyanwa na gwangwani mai laima. Sau biyu a rana, a auna, in ta ci a yi mata allura. Ban da shinkafa, ban da burodi, ban da madara."

Iya, matar Tela, ta tafa hannu. "Likita, ai wannan karatun na haddace shi. Shekara uku ke nan ina biya wa wannan." Ta nuna mijinta da baki. "Gida ɗaya masu sukari biyu. Allah dai ya ƙara min haƙuri."

Iya ba ta wasa da doka. Ta ware wa kyanwar kwano da cokalin awo, ta hana kowa jefa mata ko ƙwayar shinkafa. Abin da ba ta sani ba, a ɗakin ɗinki, cikin aljihun keke, ƙarƙashin zare da maɓallai, tsohon banza ya ɓoye biskit da madarar gwangwani mai zaƙi. Kullum in Iya ta kishingiɗa da rana, sai ya turo ƙofa ya tsoma ya kai baki, dattijo da furfurarsa.

Matsalar ita ce Shagwaɓa ta san ƙarar ledar nan. Da ta ji, sai ta zo bakin ƙofa ta ɓarke da kuka kamar an taka mata wutsiya. Iya kuwa kunne gare ta kamar na zomo. Dole Tela ya buɗe, ya jiƙa rabin biskit ya ajiye mata.

"Ungo, 'yar ƙwace. Ci ki rufa min asiri."

Bayan mako biyu aka koma. Likitar ta huda kunnen kyanwar, ta duba na'ura, ta ɗaure fuska.

"Sukarin bai sauka ba. Akwai mai ba ta wani abu. Kun ga yadda take jan ƙafafun baya? In aka ci gaba a haka, za ku rasa ta."

"Maƙwabciyarmu ce!" in ji Iya. "Matar nan ko ƙadangare ta gani sai ta ba shi abinci."

Tela kuwa sai gumi yake sharewa da hula, alhali fanka na juyawa a kansa.

Washegari da rana ya turo ƙofa, ya jawo aljihun a hankali, yana lallaɓa ledar kamar mai kwance tarko. A banza. Shagwaɓa ta riga ta shige ƙarƙashin tebur tun ɗazu. Ta fito, ta yunƙura za ta haye teburin yanka, inda take kwana kan yadudduka shekara tara, sai ƙafafun suka ƙi. Ta zame ta faɗi a kan guntayen ƙyalle, ta ɗago kai tana kallon hannunsa.

Tela ya daɗe a tsaye da biskit a hannu. Sannan ya buɗe ƙofa.

"Iya! Zo ki ga wani abu."

Ta shigo tana gyara ɗankwali. Ta dubi aljihun, ta dubi gwangwanin, ta dubi mijinta.

"Malam, ashe da kai da ita ƙungiya gare ku?"

"Ita ce shugaba. Ni ɗan aike ne."

"Ka ji kunya dai. Saura kaɗan na je na ci mutuncin baiwar Allah a kan laifinka."

Ta tattara kayan a haɓar zani. Tela ya ɗauki kyanwar ya rungume, ya ce da ƙaramar murya, "Ko ɗaya ba za ki bar min na ban kwana ba?"

"Ita za a dafa mata kifi. Kai kuma gobe asibiti, a huda maka yatsa mu ga ɓarnar da ka yi."

Ta zaro biskit ɗaya, ta tsoma a madarar, ta jefa a baki a gabansu su biyun.

"Ni ai ba ni da sukari," ta ce tana taunawa.