Alamar Albino a Ƙofar Coci

Benvinda ta iso ƙauyen da mahaifinta Albino ya baro shekara sittin da suka wuce, da wuƙar gyaran komarsa a jakarta. Albino ya rasu a Brazil yana cewa gidansu sun sallama shi tun ranar da ya guje wa teku. Abin da ta zo ji ke nan: da gaske sun cire shi daga dangi?

Ƙauyen bai damu da baƙi ba. Ya ga ƙarni bakwai, lungunansa ba sa ɗaukar mutum biyu, ko'ina ƙarnin kifi. A bakin ruwa ta tarar da Ti Armindo, wato Kawu Armindo, tsohon masunci mai bakin tsiya, yana ɗinkin koma. Ta gaishe shi, ta miƙa masa wuƙar.

Ya shafa ƙotar, inda aka sassaƙa ƙugiya da zane uku.

"Ƙugiya alamar gidan Canastra ce. Zane uku, ɗa na uku. Ke 'yar Albino ce, mai amai tun jirgi bai bar yashi ba."

"Haba Ti Armindo, mutumin fa ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa, amma dai ya yi aman. Biyo ni."

Suka hau tudu zuwa tsohon coci. Ƙofar katakon cike take da alamun gidaje, don a nan mai roƙa wa nasa tsari yake sassaƙa alamar wanda yake roƙa wa. Tsohon ya nuna can ƙasa. Ƙugiya da zane uku, jere reras, har ashirin da biyu.

"Ai bai taɓa dawowa ba," in ji ta.

"Wa ya ce shi ya yi? Kakarki Deolinda ce, duk shekara, a durƙushe, da wuƙar fere kifi. Kakanki ya hana a ambaci yaron a gidansa. To, ƙofar coci ba gidansa ba ce."

Benvinda ta durƙusa tana bin su da yatsa. Godiya ta cika mata ciki ga matar da ba ta taɓa gani ba. A ta ƙarshe yatsanta ya tsaya.

"Wannan ta karkace."

"Shekarar da idonta ya tafi ke nan, 'yata. Kakan naki ne ya riƙe mata hannu."