Akushin Mangwaro

"Ɗaga ka ji," in ji Mai Juyi.

Tela ya soke allurarsa a ƙirjin riga, ya sunkuya ya jawo buhun daga ƙarƙashin benci. Shi dai bai ji komai ba sai nauyi irin na kowane buhu. Mai Juyi ya karɓa da hannu biyu ya jinjina, nan take tari ya sarƙe shi har sai da ya dafa injin. Da ya lafa, ya goge baki da bayan hannu ya ce, "Da saura."

Bango ɗaya ne tsakanin shagunansu, kuma bangon ba ya ɓoye sirrin kowa. Mai Juyi yana da injin nan da ke juya katako, shi kuma ya kafa masa ƙarfe yana fere shi har ya zama ƙafar kujera, ko sandar labule, ko akushi. Tela ya yi shekara da shekaru yana kakkaɓe ƙurar maƙwabcinsa daga yadin mutane, yana mita, ba mai saurarensa. A hanci ma yakan san irin itacen da ake juyawa. In ƙamshi ya ratso, madobiya ce. In ya ji ɗaci a maƙogwaro, maɗaci ne. In kuwa ya ji zagi, to ƙirya ce, don ita ke cinye kaifin ƙarfe tun kafin a kai rabin aiki. Mai Juyi kan ce da Tela Malaina, sunan wani itace, wai don laushi da rashin nauyi, ko'ina aka tura shi sai ya tafi. Shi kuma ya rama da cewa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon abu na zagayawa ba a tsammanin magana a miƙe daga bakinsa.

Abin da ke cikin buhun guntun mangwaro ne. Matar Tela ce ta shuka bishiyar a tsakar gida shekarar da suka tare, ta raine ta da ruwan wanke-wanke, ta riga ta tafiya. Bayan rasuwarta iska ta kayar da bishiyar, masu gidan burodi suka kwashe ta kaf. Gungume ɗaya Mai Juyi ya ƙwato, ya mirgino shi shago yana haki, ya ce zai fitar wa Tela akushi a ciki.

Bai ɓoye masa komai ba. Ya ce mangwaro ba itacen kirki ba ne a wurin mai juyi: ruwa ne cike da cikinsa, ƙwari na son sa, kuma in ya bushe da gaggawa sai ya tsage daga baki har gindi. Sau biyu ake juya shi. Na farko yana ɗanye, a fitar da siffar akushi a bar masa kauri, a shafe da kakin kyandir, a binne shi cikin ɓawon da aka fere daga jikinsa, a ɗaure a buhu a ajiye inda rana da iska ba sa kaiwa. Sai ya saki ruwansa a hankali, ya yi sauƙi a hannu, sannan a mayar da shi kan inji a gama. Da Tela ya tambaye shi yaushe, cewa ya yi mangwaron zai tambaya.

To, mangwaro bai yi sauri ba, tarin ne ya yi sauri. Mai Juyi ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, Tela ya rage masa ba tare da an roƙe shi ba. Injin da a da ke wuni yana gurnani ya koma sai ya tashi kaɗan ya yi shiru. Tela na zaune a kan kekensa yana jin wannan shirun, magana ɗaya na cin sa: yana so ya ce a gama akushin haka nan, ko ɗanye ne. Amma faɗin hakan daidai yake da ce wa mutum ba zai kai ba, kuma bakinsa ya ƙi.

Mai Juyi ba yaro ba ne. Ranar nan da ya jinjina buhun, ya dubi Tela ta ƙasan ido.

"Na san abin da ke ranka, Malaina. In na ɗora shi yau, kafin mako ya karkace ya zama kwale-kwale. Ni ba zan yi wa matarka wannan aikin ba."

"Ni ban ce komai ba."

"Ai da ƙarfi kake yin shirunka." Ya tura buhun ƙarƙashin benci da ƙafa. "In ka ga ban fito ba, kar ka bari kowa ya kwance shi. Akwai wani mai inji a bayan tasha, hannunsa ba laifi. In ya yi sauƙi ka kai masa."

Tela ya ce masa ya daina irin wannan zancen, ya koma shago ya ɗinka hannun riga a baibai.

Wata safiya ba a ɗaga ƙofar shagon Mai Juyi ba. Can da hantsi Auta, ƙaramar 'yar Mai Juyi, ta tsaya a bakin shagon Tela da takalmi wari-da-wari a ƙafarta, ta ce, "Baba Tela, Baba ya rasu." Ya ce to. Ya ƙarasa layin ɗinkin da ke ƙarƙashin allura, ya yanke zare, sannan ya tashi.

Kwanakin da suka biyo baya sun wuce ta gefensa ne kawai. Ya je makabarta, ya dawo, ya zauna inda aka nuna masa, ya amsa gaisuwa da bakin da ba ya jin nasa ne. Ya jira kuka, kuka bai zo ba. Buhun yakan faɗo masa a rai, sai ya ce gobe, ai ba ranar da za a tari marayu da zancen katako ba ce. Haka goben ta yi ta zama gobe.

Ƙarar tsintsiya ce ta tashe shi wata rana da azahar, ta cikin bangon. Ya fito ya tarar da ƙofar shagon a wangale. Auta ta share ko'ina ƙal, abin da shagon bai taɓa gani ba. Ta tara ɓawon katako a bakin kwata za a ƙona, ta ninke buhuna a gefe. A kan simintin ƙofar, cikin tsakiyar rana, ga akusa a jere a kife, an wanke su da ruwan zafi an goge. Tun safe suke nan.

"Na same su a ɗaure cikin datti, Baba Tela," ta ce, idanunta jajur. "Har sun fara danshi. Na ce bari in shanya, kar aikinsa ya lalace."

Na madobiya da na ƙirya sun daɗe da bushewa, rana ba ta yi musu komai ba, sai sheƙi suke. Tela ya wuce su ya ɗauki farin nan na mangwaro da ke ƙarshen layi. Da zafi a hannu. Tsaga ta taso daga baki ta gangara har tsakiya, faɗinta ya isa a zura tsinke, ta cikinta yana hango siminti. Yana riƙe da shi ya ji wani ɗan ƙas, wata ƙarama ta buɗe a ɗaya gefen.

Auta ta dube shi, ta dubi akushin. "Wani abu na ɓata?"

"A'a, 'yata. Kin kyauta. Wannan nawa ne."

Ya ɗauki buhu ɗaya ya tsugunna a bakin kwata, ya riƙa tsince farin ɓawon mangwaro daga cikin jan na madobiya, yana zubawa. Ya kwantar da akushin a tsakiya, ya rufe, ya ɗaure bakin da ƙyallen da ke aljihunsa. Auta na tsaye da tsintsiya.

A shagonsa, kafin ya tura buhun ƙarƙashin teburin yanka, ya ɗaga shi da hannu biyu ya jinjina. Ya yi sauƙi.