Auren Labo da Marka

Shekarar da mutanen Gidan Maitama suka shiga Musulunci, bayan samun 'yancin kai, Labo da matarsa Marka rana guda suka karɓi kalmar shahada. Maguzawa ne gaba da baya, manoman dawa da auduga a ƙasar Malumfashi. Babban ɗansu, Rabe, har ya fara neman aure.

Wurin neman auren nan magana ta taso. Yarinyar ɗiyar wani mai sayen auduga ce a Bakori, uban kuwa ya amince. Sai ƙanen uban ya ce a bainar jama'a, auren da aka ɗaura da tulun giya ba aure ba ne, don haka a fara bincika ko Rabe ɗan halak ne.

Da maganar ta iso kunnen Marka ba ta yi kuka ba. Ta ƙulle kayanta a zane ta koma gidan wanta. Ta ce tunda ta fara sallah, ba za ta ƙara kwana ɗaki ɗaya da namijin da aka ce ba mijinta ba ne. Labo ya bi ta, ya tsaya ƙofar gida kamar baƙo.

"Marka, da furfurarmu?"

"Furfura ba ta halatta haram, Maigida. Mu je a tambayo."

Ranar kasuwar Malumfashi suka kama hanya, shi a gaba, ita can baya. Aka nuna musu zauren Malam Abdussamad, wani dattijo da ke karantar da littattafan fiƙihu. Labo ya durƙusa ya faɗi abin da ya kawo su.

Malam ya ce, "Wa ya ba ka ita?"

"Ubanta, Allah gafarta Malam. Sai da na yi masa noma damina bayan damina, ni da 'yan'uwana."

"A ɓoye aka yi?"

"A'a, dangi duka sun zo, har da makaɗa daga Matazu." Ya sunkuyar da kai. "Amma an sha giya. Akuyar ma ba da bisimilla aka yanka ba."

Malam ya tambaya ko akwai jini ko shan nono da zai hana aure a tsakaninsu. Babu. Ya juya wajen ƙofa, inda Marka ta raɓe.

"Baiwar Allah, ke kina son zama da shi?"

Marka ta ce, "In ba shi ba wa? Shi ya binne mini uwa, ni na yi jinyar ubansa har ya cika."

"To ku koma gida," in ji Malam. "Da yawa cikin Sahabbai da matansu suka shigo addini, ba a ce su sake ɗaurin aure ba. Giyar nan shahadarku ta wanke ta. Aurenku yana nan, 'ya'yanku naku ne, su za su gaje ku. Gobe zan aika wa mutanen Bakori."

Labo ya zauna dirshan a kan tabarma yana ta godiya, har Malam ya sa aka kawo masa ruwa.

Da suka fito, Marka ta ce su ratsa ta kasuwa. Ta sayi daddawa da gishiri da busasshiyar kuɓewa, ta tsaya tana taya wata tukunya.

"Me za ki yi da babbar tukunya haka?" Labo ya tambaya.

"Biki ne a gabanmu. Kana tsammani a ƙaramar zan dafa wa surukai?"

Ya karɓi tukunyar ya saɓa a kafaɗa. Bayan an sayar da auduga aka ɗaura auren Rabe, kuma ƙanen uban yarinyar ne ya zama waliyyi.