Sandar Kurket

…ai sanda sanda ce, haka Bara'u ya ce wa matarsa Kulu a lokacin. Yaro ya ce yana son bat, shi kuwa ya faɗa wani kanti a unguwar Cheetham Hill ta Manchester ya ce bat, aka miƙo masa mai faɗi kamar allo, ta kurket. Ina ya san ta besbol daban ce, mulmulalliya kamar taɓarya? Zayd ya karɓa, ya jujjuya ta, ya ce, "Thanks, Baba." Ko fuska bai ɓata ba. Da ma ya yi kuka…

Yanzu, bayan shekaru, ga Bara'u tsaye bakin wani filin besbol a Birmingham, ana yayyafi, takalmin ofis cikin laka. Wasan Zayd na ƙarshe ke nan. Jibi sai Kanada, aiki, ba ranar dawowa. Bai ma gayyace shi ba — Kulu ce ta tsegunta masa.

Tun daga Manchester yake bita a jirgin ƙasa, injiniya guda, yana haddar sunayen 'yan wasa, don dai ya samu abin da zai buɗe baki da shi. Baƙaƙen Amurka da aka hana shiga babbar gasa, suka kafa tasu, suna kwana cikin mota don otal ba ya karɓarsu… wanda in ya yi jifa ba a ganin ƙwallon, sai dai a ji ƙararsa… wanda ya tsufa kafin a buɗe musu ƙofa. Duk Zayd ya taɓa zuba masa su a kan tuwo, yana ɗan sakandare, idanu na walƙiya. Shi me ya ce? "Wannan zai fito a exam?" Allah sarki. Yaro ya sunkuyar da kai ya ci gaba da loma.

Ihu ya tashi, wani ya sheƙa a guje. Daɗi ne ko asara? Ya tafa, don ya ga ana tafawa.

Wancan dogon, tafiyarsa irin ta Kulu… Ya ɗaga masa hannu. Yaron ya waiwayo — ba shi ba ne. Bara'u ya mai da hannun aljihu a hankali.

Hula iri ɗaya, riga iri ɗaya, ga wani tsugune da ƙarfe a fuska. Mai jifa ne Zayd? Mai cafewa? Mutanen da suka mutu tun kafin a haifi Zayd, Bara'u ya san inda kowannensu yake tsayawa a fili.

Ɗansa fa… ina zai duba?